Abin da Ciyaman Ya Ce

A layinsu babu wanda bai san muryar Ƙoshiya ba. In ta leƙa ta raɗa wa maƙwabciya cewa gishirinta ya ƙare, mai shagon bakin titi kan fara ƙulla gishirin tun kafin a aiko. Ba son hayaniya ne ya sa ba. Matar kurma ce, ba ta san inda muryarta ke kaiwa ba, kuma ba da kurumcin aka haife ta ba. Masaƙa ce ta cinye mata kunnuwa, a hankali a hankali, yadda gara ke cin ƙyaure, har ranar da kwano ya suɓuce daga hannunta, ta tsaya tana kallonsa yana juyi a ƙasa bai ce komai ba.

Duk faɗin duniya mutum ɗaya ya rage da take iya hira da shi, hira ta sosai, mai gulma da zolaya da musu. Mijinta ke nan, wanda ake kira Ciyaman. Sauran jama'a sai dai su kafa baki a kunnenta na hagu su ƙwala ihu, ta tsinci kalma ɗaya ko biyu, ta gyaɗa kai don kada ta wahalar da su. Shi kuwa ko daga tsallaken titi ya motsa leɓe ta gane. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ƙirjin Ciyaman ya daɗe da fara gazawa, kuma ta sani sarai ranar da bakinsa ya rufe, ita da hira sun yi sallama.

Ubanta masaƙi ne na hannu. A gindin masaƙarsa ta tashi, tana naɗa masa zare, tana jin ƙwas-ƙwas ɗin aikinsa daga safe har rana ta yi sanyi. Sai aka gina babbar masaƙa a gefen gari, mai dogon bututun hayaƙi, aka fara zubo yadi a kasuwa kamar an buɗe famfo, ga laushi ga araha. Abin da tsohon zai kwana ya wuni yana fama da shi, inji kan gama kafin shayi ya huce. Masu saye suka riƙa wuce ƙofarsa suna gaishe shi da ladabi, sanye da yadin kamfani. Itatuwan masaƙarsa suka koma wurin shanya, daga nan suka shiga murhu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da 'yarsa ta ce za ta je neman aiki can bai hana ta ba, don tukunyar gidan ta riga shi magana. Cewa kawai ya yi, "Je ki, 'yar nan. Wanda ya kashe ubanki shi zai ciyar da ke."

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba, duk bayanin da za a yi masa ɓata yawu ne. Zaure ne da ba a hango ƙarshensa, injuna jere layi-layi, kowanne yana dukan kansa kamar an yi masa laifi. Tagogi a liƙe suke, ba a buɗewa, wai busasshiyar iska na tsinka zare. Zaren dai aka fi tausayi. Ƙurar auduga na yawo tana sauka a gira da gashin ido, mutum ya shiga da ƙuruciyarsa ya fito da furfura. Ƙarar kuwa ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, ta tafin ƙafa take shigowa ta hau har haƙora. Ranar farko yarinyar ta kira matar da ke koya mata aiki da iya ƙarfinta, ko muryar kanta ba ta ji ba. Matar ta ga bakinta a hangame, ta yi dariya, ta nuna mata idonta da yatsa, ta ce ba tare da murya ba, "Nan da wannan ake ji."

Haka 'yan masaƙa ke magana. Ba murya ko kaɗan. A buɗe baki sosai, a tauna kowace kalma a fili, hannu da gira su cika sauran. Kafin wata ya zagayo ta ƙware, tana iya zagin mutum daga wannan bango zuwa wancan. Allah kuma ya yi ta da zafin nama, tana kai-komo tsakanin injunanta tana ƙulla zaren da ya tsinke kamar itacen nan da masu saƙar hannu ke jefawa dama da hagu. Shi ya sa suka laƙaba mata Ƙoshiya, sunan ya bi ta har ya danne na ainihi.

Shi Ciyaman makanike ne, mai gyaran injuna, dogo, hannunsa kullum baƙi da mai. Ba a taɓa zaɓensa ciyaman ɗin komai ba, ko na 'yan shara. Surutun ƙungiyar ƙwadago ne ya jawo masa sunan, don ko gaisuwa ka yi masa sai ta ƙare a haƙƙin ma'aikata. Daga can ƙarshen layi ya fara tsokanarta.

"Zarenki ya tsinke."

"Na gani. Ina ruwanka?"

"Injinki na kuka. In zo in duba?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kai ne ke kuka."

Aibin maganar masaƙa ɗaya ne, ba ta da sirri, duk mai ido ya ji. Ranar da ya tattaro ƙarfin hali ya ce mata yana so ya zo ya gaida Baba, kafin ta ba da amsa layin gaba ɗaya ya ce, "Ka zo!" Ƙoshiya ta sunkuyar da kai cikin injinta, ranar zare bai taɓa shan ƙulli irin haka ba.

Shi da surukinsa sun yi ta musu har tsohon ya bar duniya. Tsohon na cewa da yana da ƙarfi da ya shiga da guduma ya farfasa injunan. Ciyaman kan durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, inji ba shi da laifi. Saboda shi ɗan talaka ya sami riga ta biyu. Laifin shi ne mu da ke tsaye a gabansa ba mu da ta cewa a kansa. Wanda ke gaban inji shi ya kamata ya iya tsayar da shi." Tsohon ya ce, "To tsayar da shi mana mu gani." A lokacin kuwa gaskiyarsa ce, babu mai iyawa. Makunnin kowane layi a cikin akwati yake, mabuɗin yana aljihun sufabaiza, don a wurin masu kamfani tsayuwar inji asara ce.

Wata safiya hannun rigar wata mata ya shiga bel ɗin da ke juya inji. Layi guda suna kallon bakinta, sun san abin da take cewa kalma bayan kalma, sufabaiza kuwa yana ofis yana shan shayi. Kafin a nemo shi da mabuɗinsa hannun ya tafi. Ƙoshiya ce ta tallabi kan matar a cinyarta har mota ta zo.

A gaban idon sufabaizoji aka shirya yajin aikin. Suna wucewa da audugarsu a kunne, suna ganin bakuna na motsi, suna zaton cingam ake tauna, alhali ana faɗin rana da lokaci ne. Abu uku ma'aikata suka nema: fankar da za ta zuƙe ƙura, abin toshe kunne, da makunni a jikin kowane inji. Bayan an sha yunwa an sha barazana, aka ba su na ƙarshen. Sauran biyun aka ce suna hanya. Har aka rufe masaƙar suna hanya.

Amma wannan ɗayan Ciyaman ya riƙe shi kamar gadon ubansa. Shi ya ƙirƙiro alamar: a ɗaga hannu sama, tafi a buɗe, sannan a dunƙule. Duk wanda ya ga haka, ko wane ne ya yi, sai ya kashe injin da ke gabansa nan take, tambaya sai daga baya. Kowane sabon ma'aikaci a hannunsa yake koyon ta kafin ya koyi ƙulla zare. Ita Ƙoshiya abin ya shige mata jiki, har hannunta kan riga tunaninta isa ga makunni. Tsawon shekarunta a masaƙa ba ta taɓa ganin alamar ta tsaya shawara ba.

Sun haifi 'ya'ya, manyan suka girma, neman aiki ya kai su nesa. Auta ce ta rage a gabansu. Abu ɗaya Ciyaman ya yi rantsuwa a kansa: 'yarsa ba za ta taka ƙofar masaƙa ba, kuma ba za ta koyi maganarsu ba. In ya kama ta tana kwaikwayon bakinsu sai ya ɗaure fuska ya ce, "Auta, wannan ba yare ba ne, tabo ne. Ke da kunnenki za ki ci abinci. Ɗauki littafinki." Yarinya ta tashi tana ganin iyayenta na hira ta saman kanta, su tuntsire da dariya ba ta san dalili ba. Da ta fara zama budurwa kuma sai kunya ta shigo, musamman in uwar ta zo ƙofar makaranta ta ƙwala mata kira har malamai suka leƙo. Ta koyi kau da kai in bakinsu ya fara motsi. Uban ya ɗauka ya yi mata gata, kuma ta wani gefen ya yi.

Sannan abin da masaƙa ta yi wa tsohon masaƙi aka zo aka yi mata. Yadi ya fara shigowa daga wata ƙasa mai nisa, inda aka ce injunansu ba sa bukatar mutane sosai, ga kyau ga araha. Aka rage aikin yamma, aka rage na safe, wata rana suka iso suka tarar da sarƙa a ƙofa. Ƙoshiya ta tsaya cikin taron tana kallon bututun da ya daina hayaƙi, ba abin da ya faɗo mata a rai sai itatuwan ubanta suna shiga murhu. Ba ma'aikata kaɗai abin ya kayar ba. Masu sayar da abinci a bakin ƙofa suka kwashe bencinansu, ɗakunan haya suka zama fayau, motar da ke jigilar ma'aikata ta canza hanya. 'Yan masaƙa suka watse, wasu ƙauye, wasu wasu garuruwan, wasu tari ya kai su kabari. Zauren saƙar nan aka mai da shi ma'ajiyar dilolin yadin da ya kashe shi.

Jama'a suka ce unguwa ta yi shiru. Ita ba ta ji shirun ba. A cikin kanta injuna ba su taɓa tsayawa ba, suna nan suna duka dare da rana, kuma wannan ɗin ba shi da makunni. Auta ta taɓa kawo mata ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne, ta saka, ta ce ƙarar masaƙa kawai ya ƙara mata, ta naɗe shi a tsumma ta jefa a durowa. Karatu kuwa bai taɓa zauna mata ba, balle a ce a riƙa rubuta mata.

Suka tsufa a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ita tana facin kayan mutane da sa maɓalli, shi yana gyaran keken ɗinki a ƙofar gida. In rana ta yi sanyi sai su zauna a benci suna fuskantar juna, gwiwa kusa da gwiwa, su yi ta hira ba ƙara. Baƙo in ya wuce sai ya ɗauka faɗa suke ko wani abu suke ci. Shi ne rediyonta, ya faɗa mata labaran duniya ya ƙara da nasa sharhin, har ta ce, "Wannan rediyo ne ya faɗa ko Ciyaman?" Ya ce, "Rediyo ya so ya faɗa, tsoro ya ji." Shi ne kunnenta a kasuwa da wurin likita. Ko da 'yarta, ta bakinsa take magana. Auta ta faɗa, shi ya juya mata.

Auta ta sami aiki a wani kamfani inda ake amsa wayar jama'a, ta wuni da abin saurare a kai. Ciyaman ya taɓa raka ta ya leƙa, ya dawo ya ba matarsa labari yana dariya har da tari. "Layi-layi suke, uwar Auta. Taga a rufe, sufabaiza na zagaye. Na yi ta gudu da ita daga masaƙa, ashe masaƙar ta sha gabana, ta canza riga." Ya yi dariyar, amma ranar bai ci abincin kirki ba.

Tarin kuwa tsohon abokinsa ne. Kowane ɗan masaƙa ya san shi, yakan tsananta a farkon mako in an koma cikin ƙura, ya lafa a ƙarshe. Nasa daga baya ya daina duba ranaku. Numfashi ya zame masa abin tattali, in ya yi wa Auta magana da murya, kalma kaɗan sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Maganar masaƙa kuwa ba ta cin numfashi. Da matarsa yana iya zuba har rana ta faɗi bai gaji ba. Sannu a hankali ya kusa ajiye muryarsa gaba ɗaya, ya zama shi ma ita kaɗai ce ke jinsa.

Ranar da ya faɗi a kan keken da yake gyarawa, maƙwabta suka kai shi asibiti. Ɗaki ne dogo, gadaje jere layi biyu, ƙamshin magani ko'ina. Aka kifa masa wata roba mai kamar ƙoƙo a hanci da baki, da igiya ta bayan kai, da siririn tiyo da ke kawo iska daga bango. A gefen gado wata na'ura na nuna lambobi. Likita ya yi wa Auta dogon bayani, Ƙoshiya na kallon ɗan bakinsa da ko buɗuwa ba ya yi, ba ta tsinci komai ba. Auta ta kafa baki a kunnenta ta ce, "Inna! Huhu ne! Kada a cire robar!"

Ciyaman fa ba mai bin doka ba ne in ba shi ya kafa ta ba. Nas na juya baya sai ya ɗaga robar ya ce wa matarsa, "Kin ga wancan na gadon ƙarshe? Tsohon sufabaiza ne. Yau ga mu layi ɗaya." Ta yi dariya har marasa lafiya suka firgita. Nas ta dawo ta yi faɗa ta mayar. Haka suka yi ta ɓoyon hira kamar yara, har wata rana yana tsakiyar ba ta labari, leɓensa ya yi toka-toka, idonsa ya juye, wata jar fitila ta kama ƙyaftawa a jikin na'urar. Ma'aikata suka rugo suka ture ta gefe. Ta tsaya a jikin bango tana kallon bayansu, ba ta jin abin da ake cewa, ba mai juya mata, don mai juyawar shi ne a kwance. Tsoron da ta ji ranar ko ranar da bel ya ci hannun matar nan ba ta ji irinsa ba.

Ya farfaɗo. Amma daga ranar Ƙoshiya ta zama mai gadin roba, ta fi nas tsanani. Hannunsa na nufar fuska za ta kama shi ta mayar kan bargo. Ta yanke wa ranta cewa gara ta rasa hirar 'yan kwanaki da ta rasa mai hirar.

Robar ba ta da duhu, da ana iya ganin baki ta cikinta. Sai dai duk numfashin da ya fitar sai ta yi hazo. Tana hango motsi a ciki kamar mutum a bayan labule, ba ta iya raba kalma da kalma. Ta yi ta goge robar da bakin mayafinta kafin ta gane ta ciki hazon yake. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwarta. Ga shi a gabanta, hannunsa cikin nata, amma ya fi nisa da lokacin da yake can ƙarshen layi.

Ranar ƙarshe da rana ce, Auta ta taso daga aiki da wuri tana zaune a bakin gado. Tun safe Ciyaman ke barci, sai ya buɗe ido tar, ya nemi matarsa ya same ta. Ya zare hannunsa daga nata. Ta zaci fuska zai kai, ta yunƙura, amma ba can ya nufa ba. Sama ya ɗaga shi, tafi a buɗe. Sannan ya dunƙule.

Hannun Ƙoshiya ya tafi da kansa. Sai da yatsunta suka taɓa igiyar robar sannan hankalinta ya riske shi, ta tsaya cak. Ta dubi na'urar, ta dubi leɓen da ta san ya taɓa yin toka. Ya sake ɗaga hannun, ya buɗe, ya dunƙule. Auta ta ce, "Baba, me kake so? Ruwa?" don ita ba ta san alamar ba, shi ya hana ta sani.

Ƙoshiya ta kama hannun da hannayenta biyu ta sauko da shi, ta danne a ƙirjinta. Ta ce, da muryar nan tata da ɗakin gaba ɗaya ya ji, "Ba zan tsayar ba, Ciyaman. Wallahi ba zan tsayar ba. Ka bari ka ji sauƙi, mu koma bencinmu, ka faɗa mini duka."

Ya dube ta. Ba fushi a idonsa, irin kallon nan ne da yake yi wa inji in ya gane ba zai gyaru ba. Sai ya fara magana a cikin robar. Ta ga haɓarsa na sauka tana hawa, kumatunsa na motsi, a hankali, baki a buɗe sosai, yadda ake yi in wanda ake wa magana yana nesa. Hazon na ƙaruwa da kowace kalma. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa nasa, ba ta ga komai ba sai fari.

"Auta! Sa kunnenki! Ji abin da yake cewa!"

Auta ta kwantar da kunnenta a kan robar, ta rufe ido, ta riƙe numfashi. Kunnen da ke wuni yana sauraren mutanen da ba ta sani ba. Ba abin da ta ji sai huci na iska. Da matarsa yake magana, kuma da ita bai saba sa murya ba.

Maganar ta yi tsawo. Da ya kai ƙarshe gefen idonsa ya tattare, yadda yake yi in ya saki zolaya yana jiran dariya. Ƙoshiya ta yi masa murmushi ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da take yi wa sauran mutane. A duk zamansu ba ta taɓa yi masa ita ba, kuma ta ga ya gane. Ya lumshe ido. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Nas ta zo ta kashe na'urar, ta sa yatsu biyu ta zare robar, abu mai sauƙi haka. Ga bakinsa nan fili, kowane layi na leɓensa tana gani.

Aka yi ta zuwa gaisuwa. Gida ya cika da bakuna, ƙanana, masu sauri, wasu a bayan hannu, wasu a bayan mayafi. Ta gyaɗa wa kowa kai. Manyan 'ya'yan suka zo suka koma wurin aikinsu. Da ƙafa ta ɗauke, sai ta riƙa fitowa in rana ta yi sanyi ta zauna a gefenta na bencin. Tambaya ɗaya take yi, kullum, duk lokacin da Auta ta gifta: "Me ya ce?" Auta ta sa baki a kunnenta ta yi ihu, ita kuwa ba ta tsintar komai, don tun rasuwar kunnen hagun ma ya ƙara toshewa. Abinci sai an matsa mata. Ba mutuwar kaɗai ke cin ta ba. Mutumin ya yi mata alamar da ya sha yunwa a kanta, sau ɗaya a rayuwarsa don kansa, ta ƙi.

Maƙwabciyarsu ta ja Auta gefe ta ce, "'Yar nan, uwarki za ta bi shi in kika bar ta haka. Ki ce mata ya ce ya yafe mata, yana gode mata. Wa zai ƙaryata ki? Ai ko shi da yana nan haka zai ce ki yi."

Auta ta yarda. Amma ƙaryar ma sai an iya isar da ita. Ta riƙa shiga ɗaki tana tsayawa gaban madubi, tana buɗe baki tana tauna kalmomi, tana jin kanta kamar mahaukaciya. Abin mamaki, bakin nata ya tuna. Duk shekarun da take kau da kai, ashe gefen idonta na kwasa. Ta shirya maganarta tsaf, gajera mai daɗi, ta maimaita har ta zauna.

Da yamma ta fito ta zauna a gefen ubanta na bencin, ta juyo, gwiwarta kusa da ta uwar. Ta taɓa mata hannu. Ƙoshiya ta ɗago, idonta ya faɗa, ta ce, "Me ya ce?"

Auta ta buɗe baki. Ta dubi fuskar da ta kafe ta da ido, fuskar matar da ta yi rayuwarta tana karanta bakin mutumin nan, ta san wace kalma zai faɗa da wadda ba zai taɓa faɗa ba. Maganar da ta shirya ta maƙale. Hawaye ya zubo mata, ta ce, ba murya, a hankali, tana buɗe kowace kalma a fili, "Ban ji ba, Inna. Bai sa murya ba. Ban ji komai ba."

Ƙoshiya ba ta ɗauke ido daga bakin 'yarta ba. Kowace kalma ta iso mata sarai, ba wadda ta faɗi a hanya. Tun Auta na ƙarama rabon da ta ji magana cikakkiya daga bakinta, kuma ga abin da maganar ta ƙunsa. Ta san yanzu babu sauran wanda za ta tambaya. Ta daɗe tana kallon keken ɗinkin da ya bari a buɗe, da sukuduraibansa a kai. Sannan ta share fuskarta da bakin mayafi, ta kai hannu ta ɗago haɓar 'yarta ta juyo da ita wajen haske.

Ta ce, ita ma ba murya, "Kina haɗiye ƙarshen kalma. Buɗe bakin sosai. Sake faɗa."

Auta ta sake faɗa.